Filin ajiye mota a bayan Kwari: abin da naira 500 ke saya wa baƙo a birni

Sana'ata sayar da atamfa da shadda da yadin kayan makaranta a wani ƙaramin gari na ƙasar Birnin Kudu, kuma duk bayan mako biyu nakan shiga Kano domin yin sari a Kantin Kwari. Motata tsohuwar Golf ce mai dogon baya, wadda idan aka kwantar da kujerunta takan ɗauki abin da zai riƙe shagona har wani zuwan. Yau wata takwas ke nan da na daina tsayar da ita a bakin titi, na koma ajiye ta a wani fili na kuɗi da ke cikin lungunan Fagge, tafiyar kamar minti bakwai a ƙafa daga layin da nake sari. Abokan sana'a na garuruwan da ke kewaye da mu sun sha tambayata ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu, kuma da yake amsar ta fi ƙarfin hirar bakin masallaci, na ga ya fi kyau in rubuta ta gaba ɗaya. Ba zan ambaci sunan filin ko na mai shi ba, domin akwai irinsa da dama a kewayen kasuwar, kuma halinsu kusan ɗaya ne.

Nakan bar gida bayan sallar asuba, in biyo ta Kwanar Huguma, in haye gadar Wudil, in wuce Mariri, in shigo Hotoro rana ba ta yi zafi ba. Wannan doguwar tafiya ba ta taɓa gajiyar da ni kamar yadda ɗan guntun da ya rage daga cikin gari zuwa bakin kasuwa yake gajiyar da ni ba. Tun da aka hana acaɓa a birnin Kano a farkon shekarar 2013, a-daidaita-sahu ne ya gaje aikin, kuma a titin Ibrahim Taiwo da na IBB da Bello Road shi da masu baro da masu kura da manyan motocin da ke sauke dila duk kafaɗar titi ɗaya suke nema. Mutumin da ya zo daga wurin da ake tsayar da mota a ƙarƙashin darbejiya, a bar gilas a buɗe, a tafi ɗaurin aure a dawo ba wanda ya ce uffan, yakan ɗauka cewa duk inda ya ga sarari daidai tsawon motarsa to nasa ne. Ni ma haka na ɗauka shekara da shekaru, kuma na daɗe ina tsira, har ranar da ban tsira ba.

Ranar wata Talata ce. Na tarar da motoci biyar ko shida a jere kusa da wata kwana, na bi bayansu na tsaya, na kulle, na shiga kasuwa da niyyar karɓo kayan da na riga na biya kuɗinsu ta waya. Ban yi minti arba'in ba na dawo da ɗan dako a bayana, sai na tarar babu ko ɗaya daga cikin motocin nan, tawa kaɗai ce, an maƙala mata ƙarfe a tayar gaba, ga janwe tana ribas tana nufo ta. Na ce wa babban cikin jami'an da ke wurin, "Yallaɓai, ai motoci na tarar a nan, bayansu na bi." Ya dube ni, ya dubi lambar Jigawa da ke jikin motar, ya ce, "Alhaji, su da direbobinsu a ciki. Kai kuwa ka kulle ka tafi, kuma a kan kwana." Gaskiyarsa ce, kuma a wannan magana tasa na fahimci abin da ban taɓa lura da shi ba: ɗan birni ba ajiye mota yake yi a irin wannan wuri ba, tsayawa yake yi inji na aiki, ido na kan madubi, da zarar ya hango jami'ai sai ya ja. Baƙo ne kawai yake ganin layin motoci ya ɗauka izini ne.

Tarar da na biya ta yi mini ciwo, amma ba ita ce babbar asarar ba. Sai da na bi motar zuwa inda aka kai ta, aka rubuta mini takarda, na nemi inda zan biya, na dawo da shaidar biya, aka ce wanda zai sa hannu ya fita, na jira shi har bayan la'asar. Kayan da na saya suna can a shagon wani bawan Allah da ya yarda ya ajiye mini su. Kafin in karɓi makulli in koma in loda, magariba ta kawo kai, kuma ba na son bin hanyar Wudil da dare da fitilar Golf ɗina, don haka na kwana a gidan wani ɗan'uwa a Hotoro. Washegari ranar kasuwarmu ce, shagona ya wuni a rufe har azahar. Idan aka haɗa tarar da cinikin da ya wuce ni, kuɗin zai biya mini filin da nake magana a kansa na fiye da shekara.

Laifin nawa ne, ban musa ba. Littafin ƙa'idojin hanya na Najeriya ya hana tsayar da mota a kan kwana, da mahaɗar tituna, da kan gada, da wurin tsallakawar masu tafiya a ƙafa, da bakin ƙofar shiga gida ko ma'aikata, haka kuma ya hana a yi layi na biyu a gefen motar da ta riga ta tsaya. Duk wanda ya riƙe lasin ana ɗauka ya san wannan, ko da babu allo. Sai dai a wurin da aka kama ni babu allo, babu fenti a gefen titi, babu komai da zai ja hankalin wanda ya manta. Alamar hana tsayawa kuwa, inda take, da'ira ce shuɗiya mai jan baki da jan layi a karkace, ko harafin P da aka soke, kuma na tabbata a cikin masu zuwa sari daga ƙauye da motocinsu akwai da yawa da ba a taɓa zaunar da su an fassara musu ita ba. Wani lokacin ma allon yana nan, amma mai shayi ya jingina rumfarsa a jikinsa, ko an manna hoton ɗan takara a kai.

Wani dattijo da muke sari a layi ɗaya ne ya nuna mini filin. Tsohon fili ne da aka zagaye da katanga, ƙofarsa ta ƙarfe ɗaya ce, ta nan ake shiga ta nan ake fita, kuma idan ya cika sosai zai ɗauki motoci kamar hamsin. Ƙasa ce zalla, ba a yi mata daɓe ba, sai ɗan burji da aka zuba a bakin ƙofa. Akwai rumfar kwano a gefe ɗaya da ke rufe motoci bakwai ko takwas, sauran suna rana. Masu aiki uku ne: wani dattijo da kowa ke kira Baba, wanda yake zaune a kan benci da littafi da biro, da samari biyu da suke jera motoci. Idan ka shigo, Baba zai rubuta lambar motarka da lokacin shigowarka, ya yago maka 'yar takarda mai lamba, ka biya naira 500 na wuni. Da ita za ka karɓi motarka, kuma na ga da idona ya hana wani mutum fita da mota saboda ya yar da takardarsa, sai da ya nuna takardun motar, ya kira wanda ya san shi a kasuwa, sannan aka buɗe masa ƙofa. Mutumin ya yi ta faɗa, ni kuwa a raina daɗi na ji, domin abin da ya ɓata masa rai shi ne ainihin abin da nake biya.

Wannan 'yar takarda ita ce mafi darajar abin da filin yake sayarwa. A bakin titi ma ana karɓar kuɗi, kowa ya sani. Da zarar ka rage gudu wani yaro zai taso yana yi maka nuni da hannu, "Alhaji, zo nan, akwai waje," ya karɓi ɗari biyu ko uku, ya ce zai duba maka. Amma ba shi da ikon wurin, ba zai ba ka rasit ba, kuma idan janwe ta zo shi ne farkon wanda zai ɓace. Na taɓa biyan irin wannan kuɗi sau da dama ina zaton na sayi izini, alhali ban sayi komai ba sai sannu da zuwa. A filin kuwa na san wanda na bai wa motata, na san inda zan same shi gobe da jibi, kuma shi ma ya san idan madubina ya ɓace akwai mutanen kasuwa da za su ji labari. A wata takwas ba a taɓa cire mini ko murfin taya ba, kuma sau biyu na manta gilas ɗin baya a sauke na dawo na tarar ɗaya daga cikin samarin ya rufe shi da kwali saboda ƙura.

Akwai kuma 'yan ƙananan abubuwa da matafiyi yake ganin girmansu. A kusurwar filin akwai randa da butoci da tabarma, mutum zai yi alwala ya yi azahar ba tare da ya kutsa cikin cunkoso ba. Akwai banɗaki, ko da yake tsabtarsa ta danganta da ranar da ka zo. 'Yan dakon da suka saba da filin sun san motata, don haka nakan sayi kaya a shago uku ko huɗu in riƙa turo su ɗaya bayan ɗaya, Baba yana ƙirga ƙunshin da ya iso yana sa alama a bayan littafinsa, in na zo mu daidaita lissafi. Wannan ba ya cikin abin da aka yi ciniki a kai, alheri ne nasa, kuma nakan ba shi na goro. A bakin titi ba ka isa ka yi haka ba, domin kowane buɗe but sai ka tsaya a kai.

Babban aibin filin shi ne yadda ake cusa motoci. Mai fili yana son kowane taku ya kawo kuɗi, saboda haka ba a barin hanya a tsakiya. Ana jera motoci ne hanci da wutsiya, layi bayan layi, har bakin ƙofa. Wanda ya zo da sassafe, kamar mu masu nisa, shi ake turawa can ƙurya, kuma shi ne yake son fita da wuri domin ya kai gida da rana. Wanda ya fito daga Gwale ko Tarauni da hantsi, wanda ba ya gaggawar komai, shi ne yake tare ƙofa. Maganin da suka samo shi ne kowa ya bar makullinsa, samarin su riƙa jujjuya motoci idan wani zai fita. Na daɗe ban saki jiki da wannan ba. Mota ba riga ba ce da za ka miƙa wa yaron da ba ka san ko yana da lasin ba, kuma kulocin Golf ɗina yana da halinsa, wanda bai saba da shi ba sai ya ƙona shi. Da na nuna damuwa, Baba ya ce, "Alhaji, ko ka bar makulli ko ka dawo duk lokacin da muka kira ka, zaɓi ɗaya." Na zaɓi barin makulli, amma nakan cire takardun mota da duk wani abu mai daraja in tafi da su, kuma nakan duba awon mai kafin in fita. Ban taɓa ganin ya ragu ba. Abin da na gani shi ne ƙarce biyu a bamba ta baya waɗanda ban zo da su ba, kuma da na nuna, kowa ya rantse ba a hannunsa ba ne.

Matsalar tana tsananta idan wani ya ƙi barin makulli ya kuma kashe wayarsa. Wata rana a cikin azumi na gama lodi ƙarfe biyu, amma ban fita ba sai kusan huɗu, saboda wata babbar mota ta tare layinmu, mai ita ya shige kasuwa da makullinsa. Mu huɗu muka zauna a kan benci muna jira, har da wata hajiya da ta zo daga Gaya da direbanta, tana ta duba rana tana lissafin buɗa-baki. Da mutumin ya dawo ko haƙuri bai bayar ba. A ganina wannan gazawar masu filin ce, domin tun a ƙofa ya kamata su ce masa ko makulli ko ya nemi wani wuri, amma sun ga babbar riga sun ji nauyi. Ranar a Wudil na sha ruwa.

Farashin ma ba ya zama wuri ɗaya. A kwanaki goman ƙarshe na azumi da kuma gab da babbar salla, lokacin da Kwari take cika ta batse da masu sari daga ko'ina har da Nijar da Chadi da Kamaru, kuɗin ya zama naira 1,000, ba tare da sanarwa ba, kuma takardar da aka ba ni ba ta nuna adadin da na biya ba. Na fahimci cewa kasuwa ce, wuri ya yi kaɗan masu nema sun yi yawa, kuma ni ma a wannan lokaci ba na sayar da shadda a farashin watan Safar. Abin da nake so kawai shi ne a rubuta a allo a bakin ƙofa, a kuma rubuta a takarda, domin kada mutum ya rasa sanin ko mai fili ne ya ƙara ko samarin ne suka ƙara wa kansu. Canji kuma kullum babu. Suna karɓar tiransifa, amma zuwa asusun ɗaya daga cikin samarin, kuma idan sabis ya yi nauyi sai ka tsaya a ƙofa ana yi maka hon har alat ya shigo. Na koyi tanadar 'yan ɗari biyar-biyar tun daga gida.

Da damina kuwa filin yakan zama fadama. Ruwa ba shi da mafita sai ta ƙofa, kuma ƙuryar da ake tura masu sammako ita ce mafi kwari. A watan Agusta sai da aka tura motata mutum huɗu kafin ta fito, ƙunshin atamfa ɗaya ya faɗi a caɓi wajen lodi, Allah Ya sa da ledarsa. Tifa biyu ta burji za ta magance wannan, kuma kuɗin da filin yake tarawa a mako guda ya isa, amma har yau ba a zuba ba.

A jikin katanga an rubuta da jan fenti cewa duk abin da aka bari a cikin mota ba ruwan masu fili. Wannan rubutu yana ba ni dariya, domin mutanen da suka karɓi makullinka su ne kuma suke cewa ba ruwansu da abin da makullin yake buɗewa. A aikace dai sun fi rubutunsu kirki, kamar yadda na faɗa game da ƙirgar kaya, amma mai karatu ya sani cewa amana ce kawai take riƙe da abin, babu inshora, babu wata yarjejeniya da za ka kai gaba. Ana rufe ƙofa bayan isha'i, kuma wanda motarsa ta kwana zai biya kuɗin kwana daban.

Na gwada wasu hanyoyin kafin in tsaya a kan wannan. Na taɓa barin motar a gidan ɗan'uwana a Hotoro in hau a-daidaita-sahu, amma dawowa da kaya sai na ɗauki shata, kuɗin ya ninka na filin sau da yawa, ga sauke-lodi sau biyu. Na taɓa zuwa da ƙanena ya zauna a mota a bakin titi yadda 'yan birni suke yi, sai ya zama ya wuni yana zagaye yana ƙona mai, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 zagaye ya daina zama abin wasa; ga shi kuma na raba shi da gona wuni guda. Zuwa a motar haya ya fi duka sauƙi ga wanda sarinsa bai wuce ƙunshi biyu ba, kuma shi ba ya bukatar wannan rubutu. Amma wanda yake cika mota, kuma zai yi fiye da awa ɗaya a kasuwa, ban ga abin da ya fi masa filin ba, da duk aibinsa.

Ga wanda tsautsayi ya riga ya faɗa masa, akwai abin da na koya a waccan Talatar. Titunan Kano hukumomi da yawa ne suke aiki a kansu: akwai KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jiha, wadda aka kafa a 2012 zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, akwai hukumar kiyaye haɗurra ta tarayya da ake kira Road Safety, wadda ta samo asali tun 1988, akwai jami'an duba lafiyar motoci na VIO, ga 'yan sanda. Ƙananan hukumomi ma suna da hannu, domin kundin tsarin mulki na 1999 ya sa tashoshin mota a cikin ayyukansu, kuma dokar haraji ta 1998 ta lissafa kuɗin ajiye mota ba bisa ƙa'ida ba a cikin abin da suke karɓa. Saboda haka abu na farko shi ne ka san a hannun wa kake, ka kuma tambayi inda za a kai motar kafin ta bar wurin. Ka nemi a rubuta maka takarda, ka duba cewa lambar motarka da laifin da adadin kuɗin duk suna ciki. Ka biya ta hanyar da takardar ta nuna, ka adana shaidar biya, domin ita ce za ta fitar da motarka, kuma ita ce hujjarka idan kana da ƙorafi daga baya. Ka ɗauki hoton motar ta kowane gefe da wayarka kafin a ja ta. Masu cewa "kawo a sasanta" ba sa rasa zagaye wurin, wasunsu ma ba ma'aikatan kowa ba ne, kuma kuɗin da aka ba su ba ya barin sawu. Faɗa da ɗaga murya kuma ba su taɓa sauke mota daga janwe ba. Na ga wanda ya gwada a gabana, laifinsa ɗaya ya koma biyu.

Ba na cikin masu cewa a bar kowa ya tsaya inda ya ga dama. Na taɓa maƙalewa a bayan motar asibiti tana jiniya a kusa da kasuwar Singa, ba ta da inda za ta bi saboda motoci sun yi layi biyu a kowane gefe, kuma tun ranar ban ƙara jin haushin dokar kanta ba. Abin da nake ganin ya rage shi ne a nuna wa mutum inda aka yarda ya tsaya, yadda aka iya nuna masa inda ya yi laifi. Sayar da wurin tsayawa a bakin titi ba sabon abu ba ne a duniya: tun 1935 aka kafa na'urar farko ta karɓar kuɗin fakin a birnin Oklahoma na Amurka, mutum ya jefa kwabo ya sayi lokaci. A Abuja an gwada tsarin biya kafin ka ajiye, har wata babbar kotu ta dakatar da shi a 2014 saboda ba a kafa shi a kan doka ba, wanda ya nuna cewa karɓar kuɗi a titi ma sai da tushe. Ni ban nemi na'ura ba. Fenti a gefen titi da allo mai rubutun Hausa, da boko da ajami, a manyan hanyoyin da ke kewaye da Kwari da Singa da Sabon Gari, zai rage kamun baƙi ƙwarai, domin da yawa daga cikin dattawan da muke sari tare sun fi saurin karanta ajami. Muddin babu wannan, filaye irin na su Baba za su ci gaba da cika, kuma ba za su ga dalilin zuba burji ba tunda ko ba su zuba ba za mu zo.

Idan maƙwabcina zai tafi gobe, zan ce masa ya je filin, ya riƙe canjinsa, ya kwashe takardunsa, ya zagaya motarsa tare da ɗaya daga cikin samarin su ga lafiyar jikinta tun kafin ya miƙa makulli, ya kuma faɗi lokacin da zai fita tun a ƙofa. Wannan na ƙarshe ni ma ban daɗe da gano shi ba. A zuwana na makon jiya na ce, "Baba, yau ƙarfe ɗaya zan fita, ina da ɗaurin aure a gida bayan la'asar." Ya ɗaga kai daga littafi ya ce wa yaron, "Sa motar Alhaji a jikin katanga ta nan kusa, kada a ɗora masa kowa sai mai barin makulli." Na dawo ɗaya saura kwata na tarar an ɗora mini biyu, amma duk makullansu suna rataye a ƙusa, kuma kafin 'yan dako su gama ɗaure kaya an buɗe mini hanya. Na yi la'asar a Kwanar Huguma.